Ƙafar da Aka Ƙara wa Laka

Ɗiyata ta fari ɗingishi take yi. Na fara da wannan ne don kada wani ya zo daga baya ya ce ban faɗa ba. Tana da shekara shida saniya ta taka mata ƙafar hagu a bakin rijiya. Maɗorin ƙauyenmu ya ɗaure da kara da tsumma, ƙashi ya kama, amma ya kama a gajarce. Da wannan ƙafa ta girma, da ita ta yi tallan fura, da ita ta tafi ɗakin miji, da ita ta haifi ɗiya mace guda ɗaya. Yarinyar ba ta kai yaye ba zazzaɓi ya ɗauke uwar cikin kwana huɗu. Dangin uba suka zo suka ɗauki marainiya suka tafi da ita Gusau, ni kuma aka bar ni da tulunta da gammonta.

Hoto ɗaya gare ta a duniya, wanda aka ɗauke ta don katin zaɓe, daga wuya zuwa sama. Yana cikin adakata ranar da mutanen daji suka shigo ƙauyenmu, can gefen Adabka, suka cinna wa rumbuna da ɗakuna wuta. Ban tsaya ɗaukar adaka ba. Wanda ya tsaya ɗaukar kaya ran nan bai zo ya ba da labari ba. Yau ina zaune a Gummi, a ɗaki guda cikin gidan yayana, malamin allo. Mutanen ƙauyenmu sun watse, wasu Anka, wasu Bukkuyum, wasu ƙarƙashin ƙasa. In aka cire ni da yayana, ban san inda zan samu wanda ya san tafiyar ɗiyata ba. Shi ya haura tamanin, ni kuma yanar ido ta fara rufe mini idon dama.

Ana nan ana nan, bara bayan an cire amfanin gona, sai ga kabu-kabu ya sauke wata budurwa a ƙofar gida, da jaka a baya da waya a hannu. Jikata ce. Ta yi girma, tana babbar makaranta, inda ta ce ana koya musu haɗa fim. An ba su aiki, kowa ya je ya sa abin da ba shi da rai ya yi motsi.

Na ce, "Wanga aiki ai na Allah ne. Ku mi ya kai ku?"

Ta yi dariya ta ce, "Inna, ba rai za mu sa ba. Hoto ne. A ajiye 'yar tsana a ɗauke ta, a matsa ta kaɗan a sake ɗauka, a kuma matsawa a kuma ɗauka. In an jera hotunan an sake su da gudu, ido sai ya ga kamar tafiya take. An ce mini ke maginiya ce, duk yankinku babu mai tulu irin naki. Shi ya sa na zo."

"Ashe ba gaisuwa ta kawo ki ba."

"Har da gaisuwar, tsohuwa. Ga sabulu ma na kawo miki."

Sai da aka yi kwana biyu ta faɗi ainihin abin da ke ranta. So take ta yi 'yar tsanar uwarta. Mace ɗauke da tulu, daga rijiya zuwa ƙofar gida, shi ke nan. Ta ce ba ta san fuskarta ba, ba ta san muryarta ba, ko tafiyarta ce ta gani. Na je na tambayi yayana hukuncin abin. Ya ce in dai ba a yi mata ido da hanci da baki ba, 'yar tsana ce irin ta wasan yara, a yi. To kun ji yadda aka yi 'yar tsanar ta zamo ba fuska. Abin da zai nuna ko wace ce, tafiya ce kawai.

Yumɓu na ɗebo a bakin gulbi, amma yumɓu in ya sha iska tsagewa yake, ba ya yarda a lanƙwasa shi sau ɗari. Sai na shanya shi, na daka, na tankaɗe, na narka kakin zuma da man kaɗe na kwaɓa garin a ciki. Ya fito da laushi, ba ya bushewa. Jikata ta murɗa siririn ƙarfe ta yi ƙashin baya da hannuwa da ƙafafu, ni na lulluɓe da laka. Tsawonta bai wuce tafin hannuna ba. Na ɗaura mata ƙyallen atamfa, na yi mata tulu kamar ƙwallon goruba, na naɗa mata gammo da zare. Da na zo ƙafar hagu na lanƙwashe bakin ƙarfen, na rage ta da kamar faɗin ƙwayar wake. Na nuna wa jikata, na ce, "Kin gani? Haka take." Ta ce ta gani.

A zauren baya muka kafa. Ta kifa turmi, ta ɗaure wayar a kai da robar taya don kada ta motsa. Ta toshe taga da buhu, ta kunna fitila mai cajin rana, wai hasken rana yawo yake, in aka biye masa hoto sai ya yi ta ƙifce-ƙifce. Da hantsi kawai ake aikin, don da zarar rana ta take kakin sai ya saki, 'yar tsana ta sunkuya kamar mai ciwon ciki. Ta shimfiɗa katako ta barbaɗa rairayi, ta ɗauko tsinken tsintsiya ta karya daidai wa daida, tana aunawa tana ɗiga gawayi a bakin katakon. Kowane ɗigo hoto ɗaya. Ta ce sai an yi goma sha biyu ake samun tafiyar ƙiftawar ido. Malaminsu ya ce sirrin abin shi ne tazara ta zama ɗaya, kada wata matsawa ta fi wata, shi ne motsi zai tafi sumul.

Wuni na farko na zauna na kalla. Na biyu bayana ya gaji, na koma tsakar gida na bar ta. Kwana huɗu ta yi tana shiga zaure da hantsi tana fitowa da gumi. Rana ta biyar ta kira ni, ta kira matar ɗan yayana da wata maƙwabciya, ta ce a zo a gani.

Muka haɗa kai a kan waya. Sai ga 'yar laka ta ɗaga ƙafa. Ta taka, ta kuma takawa, ta ratsa rairayi tana tafe sumul kamar ruwa a kwata, har ta kai ƙofa. Maƙwabciya ta riƙe baki tana salati. Matar ɗan yayana ta ce a sake. Yayana ya zo wucewa da butarsa, aka miƙa masa, ya kalla ya ce, "Madalla, an yi ƙoƙari," ya wuce alwala.

Ni kuwa na ce, "Wagga wace ce?"

Jikata ta ce, "Inna, ita ce mana."

Na tashi na shiga zaure, na ɗauko 'yar tsanar. Idona ba ya gani sosai amma babban yatsana bai makance ba, shekara hamsin yana lalube a cikin tukunya. Na shafa tafin ƙafar hagu. An ƙara laka. An ɗora ɗan dunƙule an shafe bakinsa da kyau, an daidaita ta da ta dama.

Ban san lokacin da na fito tsakar gida ba. Tun ranar da aka ƙona ƙauyenmu zuciya ba ta zo mini wuya irin na ran nan ba.

Na ce, "Mi kinka yi ma ƙafarta?"

"Gyarawa na yi kaɗan. In ƙafa ɗaya ta fi ɗaya ba ta tafiya daidai, hoton sai ya riƙa tsalle. Maki ake ba mu a kan santsin motsi."

"Gyara. Ke kinka gyara ta. Shekara ashirin da uku tana tafiya bisa ƙafar nan, ta ɗebi ruwa, ta yi surfe, ta ɗauki cikinki wata tara bisa ƙafar nan, ba ta taɓa roƙon kowa ya gyara ta ba. Sai ke da kinka zo jiya da robar taya. Wuta ta ci hotonta, ƙasa ta ci fuskarta, abu guda da ya rage a kaina kin zo kin shafe shi da yatsa don malami ya ba ki maki. To ki kai masa. Ki ce masa ga uwar wani."

Maƙwabciya ta ce, "Haba Inna, ai yarinya ce, kuma abin ya yi kyau."

Na ce, "Ke kuma da ba ki san ta ba, kama bakinki."

Jikata ta tsaya tana murza gefen mayafi. Can ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, "A gidanmu in na yi laifi, 'yar gurguwa suke ce mini. Tun ina ƙarama. Iyakar abin da aka taɓa faɗa mini game da ita ke nan. A gaban aji za a nuna fim ɗin nan, Inna. Ba na son a yi mata dariya."

Da mai hankali ce ni, da nan na sauko. Ban sauko ba. Fushin ya ƙaru ne, ya rabu biyu, rabi a kanta rabi a kan mutanen da suka ci arziki a hannun ɗiyata, suka sha ruwan da ta ɗebo, suka kuma mai da ƙafarta abin zagin marainiya. Su suna Gusau, ita ce a gabana, don haka ita ta sha duka biyun. Na ce, "Ashe kunyarta kike ji. To ni ban haifi abin kunya ba." Na ajiye 'yar tsanar a kan faifai na shige ɗaki.

Kwana biyu ban yi mata magana ba. Ta kawo kunu na ce na ƙoshi. Ta gaishe ni na amsa da ka. Saura kwana shida ta koma makaranta, na sani, ina ƙirgawa, ban kuma fasa ba.

A rana ta uku ta turo wayar ta ƙarƙashin labule. Ashe ta cire lakar da ta ƙara, ta sake aikin ita kaɗai. Na fito tsakar gida inda haske yake, matar ɗan yayana ta danna mini. 'Yar laka ta taka da dama, ta faɗa hagu, ta zabura ta miƙe, ta sake faɗawa. Tulu yana sama yana ƙasa kamar kan kaza mai tsince-tsince. Matar ɗan yayana ta so ta riƙe dariya, ta kuɓuce mata ta hanci.

Wannan ya fi na farko ciwo. Na farko baƙuwa ce, ban san ta ba. Wannan kuwa irin kwaikwayon da yaran banza suke yi ne a bayan mai ɗingishi. Na shiga zaure na damƙi 'yar tsanar, na yi niyyar in matse ta ta koma dunƙule, a huta. Jikata tana tsugune gefen turmi, idonta ya kumbura.

Ta ce, "Kin ce in bar ƙafar, na bari. Ga abin da ya fito. Ni ban taɓa ganinta ba, Inna. Ke kika gan ta. Kina ta faɗa, amma ba ki nuna mini ba."

Gaskiya ɗaci gare ta, ta fi ɗaci kuma in ta fito daga bakin wanda kake fushi da shi. Na sassauta hannu. Na ce, "Ɗauko mini tulu. Ki cika shi."

Na naɗa gammo, ta taya ni na aza. Na cire takalmin hagu na bar na dama don ƙafa ta fi ƙafa. Na ce bari in taka yadda take takawa. Taku na farko ruwa ya fallatso mini a wuya. Na biyu ya jiƙa mini kafaɗa. Na tsaya cak a tsakiyar gida, ruwa yana bin bayana, sai abin ya faɗo mini. Ɗiyata ba ta taɓa shigowa gida da jiƙaƙƙen zane ba. Mata masu ƙafa biyu lafiyayyu sukan dawo daga rijiya kafaɗa sharkaf, ita kuwa tulunta cike yake zuwa har baki, ko ganye ba ta sawa a kai. Shekara da shekaru ina kallon ƙafarta, ashe abin yana sama. In za ta taka da dama, mai tsawon, sai ta ɗan karya gwiwa. In za ta taka da hagu sai ta tsaya a kan yatsu, ƙugu ya juya ya shanye bambancin. Daga ƙugu zuwa ƙasa ana ta fama, daga wuya zuwa sama ko motsi babu. In ka hango ta ta bayan danga, inda kai da tulu kawai ake gani, ba za ka taɓa cewa mai ɗingishi ce ba.

Na sauke tulu na ce, "Samo mini zare da ƙusa biyu."

Muka kafa ƙusa a kowane gefen katako, na ja zaren saƙa ya miƙe, daidai bakin tulun 'yar tsana. Haka nake yi in ina son bakin randa ya daidaita. Na ce, "Duk abin da ƙafa za ta yi, ta yi. Amma kowane hoto, bakin tulu ya taɓa zaren ga. Kada ya haura, kada ya kasa. In kin aza ki cire zare ki ɗauka, ki mayar."

Ta ce, "To ɗigon gawayin fa?"

"Share su. Wa ya ce maki mutum tafiyar tsinken tsintsiya yake?"

Na sake ɗiga mata da hannuna. Inda ƙafar dama take ɗauke da jiki, ɗigo kusa da kusa, don nan take jinkiri. Inda nauyi ya koma hagu, ɗigo nesa da nesa, don ba ta daɗewa a kanta, da sauri take wucewa. Kuma ƙafar hagun ba miƙe take zuwa ba, sai ta ɗan zagayo ta waje, kamar mai shafa bakin ƙwarya. Jikata ta ce malaminsu ya ce in tazara ta bambanta motsi zai yi tsalle. Na ce malaminsu ya taɓa ɗaukar tulu? Ta ce ba ta jin ya taɓa. Na ce to.

Hantsi huɗu muka yi. Ni ke lanƙwasa gwiwa da ƙugu, don yatsuna sun fi nata sanin laka, ita ke duba zare da danna waya. Ba a yi shi cikin daɗin rai ba. Ta ture katako da gwiwa sau ɗaya, aikin rabin hantsi ya lalace, na zage ta tas. Ni ma na bar sawun yatsana a zanen 'yar tsana, ya fito a hoto yana rawa, ta ce, "Tsohuwa, wannan kuma malamin wa ya koya miki?" Na ce ta kiyaye ni. Wani wurin sai mun yi taku ɗaya sau uku, don in na rufe ido na ga ɗiyata, in na buɗe sai in ga ba haka ba. Bayana ya yi tsami, idon daman yana ta ruwa saboda fitila. Ban tashi ba.

Ranar da aka gama ban yarda a kira kowa ba. Na ce ta danna, mu biyu. 'Yar laka ta taso daga bakin rijiya. Gwiwa ta karye, ƙugu ya juya, ƙafar hagu ta zagayo ta dafa ƙasa da yatsu ta wuce. Tulu kuwa yana tafe a sama kamar an ɗora shi a kan ruwa. Ban yarda da idona ba, don ido mai so yana ƙarya.

Na karɓi wayar na fita zauren gaba. Yayana yana zaune a kan buzu yana gyara alƙalami, ɗalibai sun tafi cin abinci. Ban gaya masa an sake komai ba. Na ce, "Malam, duba mini wanga abu." Jikata ta danna masa. Ya kawo wayar kusa da hancinsa. Ya kalla har ƙarshe. Ya ajiye wuƙar da ke hannunsa, ya ce a mayar. Aka mayar. Sai ya kira sunan ɗiyata, sunan da ya raɗa mata da bakinsa ranar suna, wanda na yi shekaru ban ji a bakin kowa ba. Ya ce, "Allah shi jiƙanta. Haka take shigowa, ta ce Kawu a kawo ruwan alwala?" Ya juya fuska wajen bango yana neman abin da bai ɓata ba.

Jikata ta tsuguna a ƙofar zaure ta rufe kai da mayafi. Na bar ta. Ban rarrashe ta ba, ba kuma don fushi ba.

Washegari kabu-kabu ya zo ya ɗauke ta. Bayan sati uku ta bugo wayar ɗan yayana, aka kawo mini. Ta ce an nuna a aji. Ba wanda ya yi dariya. Malamin ya ce kan da tulun sun tafi sumul, bai ga irinsu ba a ajin, amma ya rage mata maki, wai takun ƙafa bai daidaita ba, ta kula da awo nan gaba.

Na ce, "Kin faɗa masa?"

Ta ce, "Na ce masa haka uwata take tafiya. Ya ce ai da na gyara."

Har yau in na tuna maganar nan sai na yi tsaki. Na ce ta gaya masa akwai tulu a Gummi, akwai gammo, akwai takalmi wari guda, duk ranar da ya shirya ya zo ya gwada awonsa daga bakin rijiya zuwa ƙofa, ni zan riƙe masa zare. Ta ce ba za ta iya faɗa wa malami haka ba. Ta ce amma ta kai wayar gidansu, ta nuna wa gwaggonta, wadda ta fi kowa kiranta 'yar gurguwa, ta sa ta kalla sau biyu.

'Yar tsanar tana nan a ɗakina, cikin ƙwarya, na rufe da faifai saboda zafi da ɓera. Idon daman ya ƙarasa rufewa da damina. Wani lokaci nakan ɗauko ta in shafa tafin ƙafar hagu da babban yatsa, in ji ko wani ya taɓa. Tana nan a gajarce, da faɗin ƙwayar wake.